Dariyar Da Ba Ta Kawu Ba

Duk faɗin birnin Greensboro na Amurka, daga gabashin gari inda mu talakawa muke har Summerfield inda dawaki suka fi mutane samun fili, babu mahaluƙin da ya kai ni iya cire wa mutum baƙin ciki. A tambaya a ji. Na taɓa ba ɗan sanda dariya har ya manta abin da ya sa ya tsayar da ni. Matata ma, wadda ta sha labaraina shekara ashirin har ta haddace su, takan yi murmushi sau ɗaya a shekara, ranar ƙaramar salla. Amma lambar girman da na fi ratayawa a wuya ita ce wannan: ni ne mutumin da ya ba Kawu dariya.

Haka aka yi ta faɗa a zaman makokinsa. Daga Allah muke, gare Shi kuma ake komawa, kuma Kawu ya riga mu. An fitar da mota daga garejin gidansa an shimfiɗa darduma, maza muna nan, mata suna falo wajen Mama, matarsa. Samarin da suka zo ƙasar nan kwanan baya suna shigowa suna cewa, "Allah sarki, Baba mai fara'a." Wani ɗan Maraɗi ya ce, "Wallahi tsohon nan ba shi da matsala, ko bonjur ka ce masa sai ya ƙyalƙyale." Tsofaffin zama kuwa ƙasa suka riƙa kallo. Wani dattijo Kirista mutumin Jos, wanda suka yi aiki tare da Kawu tun ba a haifi samarin nan ba, ya zo da matarsa da kula biyu na abinci. Ya saurara ya saurara, sannan ya ce, "Wannan mutumin da kuke faɗa ban san shi ba. Wanda na sani, shekara talatin ban ga haƙorinsa na sama ba." Liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ka riƙe shi a ciwon nan, Allah ya saka maka." Na ce ai yi wa kai ne, ina jin ƙirjina yana kumbura kamar burodi a tanda. A daidai nan 'yar Kawu, taubashiyata, ta shigo da filas ɗin shayi, ta dire shi a gabana da ƙarfin da sai da kofuna suka yi ƙara, ta fita ba ta kalle ni ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tsoron kada sunan nan ya liƙe masa. Nan da shekara biyar babu wanda zai tuna Kawu sai a matsayin tsohon nan mai dariya, kuma da hannuna a ciki har gwiwar hannu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya fara da aiki a wata masana'antar kujeru, da aka rufe ta ya koma tuƙin bas na cikin gari har ya yi ritaya. Mutum ne da agogo ke jin tsoronsa. Yakan ce, "Wanda ya yi latti ya riga ya yi ƙarya tun bai buɗe baki ba." Ranar da na sauka a tashar bas ta tsakiyar gari, sabon zuwa, da jakata mai igiya, na hango shi tsaye kamar fal ɗin wuta. Na ce, "Kawu, ashe Amurka ba ta sa ƙiba?" Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Haƙoran nan amanar Allah ne, ka riƙa ba su hutu." Ya ɗauki jakar ya yi gaba.

A bayan gidansa yana da lambu, kuɓewa da yakuwa da attaruhu. Da zarar sun nuna zai zuba a leda, ya bi gidajen mutanenmu ya rataye a ƙofa ya tafi. Ba ya ƙwanƙwasawa, don kada a yi masa godiya. In ka kira shi a waya ka fara jero na gode, sai ya ce, "Akwai wata maganar?"

Shi ne kuma mai yi mana wankan gawa. A but ɗin motarsa kullum akwai wata baƙar jaka mai likkafani da sabulu da turare da safar hannu. Duk namijin da ya rasu a cikinmu, nan da garuruwan da ke kewaye, Kawu za a kira, kuma kafin a aje waya ya kama hanya. Abin da ya gani a ɗakin wanka bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko ga Mama.

Faɗanmu mafi girma a maƙabarta aka yi shi. Ana jiran a gama gyara kabari, na raɗa wa wani abokina wata 'yar magana, ya toshe baki. Kawu ya gani. Wata biyu cur bai amsa mini komai ba sai sallama, kuma ledar kuɓewa ta riƙa tsallake ƙofata tana sauka a ta maƙwabcina. Da na je ban haƙuri na tsuguna, abin da ya ce kawai shi ne, "Akwai wurin da ba naka ba."

Da ɗanmu na fari ya koma bayan kwana biyu a duniya, Kawu ne ya wanke shi, shi ya ɗauke shi a hannu har maƙabarta. Ina karɓar gaisuwa ina ƙoƙarin sa masu gaisuwa murmushi, don ban san wani abin yi da bakina ba. Ya ja ni matakalar bayan gida, ya zaunar da ni, ya ɗora hannu a gwiwata ya ce, "Yau ba dole." Kwana uku yana zuwa bayan ya tashi aiki, mu zauna a matakalar nan, ba ya cewa komai har rana ta faɗi. Ban taɓa samun hutu irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Ciwon ya same shi da hantsi, yana ba lambu ruwa. Mama ta leƙo ta gan shi kwance a tsakanin kunyoyin kuɓewa, tiyo na zuba a kan wandonsa. Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Ya rayu, amma Turancin da ya yi shekaru yana tuƙa bas da shi ya maƙale. Yana jin duk abin da aka faɗa, sai dai in zai ba da amsa Hausa ce kawai ke fitowa, ita ma a hankali, kalma na jan kalma.

A gidan da ake gasa masa ƙafa ne abin ya faru. An kawo masa ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa. Na ce, "Kawu, an ƙara maka girma, daga bas an mai da kai motar da ba ta shan mai." Sai ya fashe da dariya. Jama'a, Kawu! Dariya mai ƙarfi, har gado na girgiza, hawaye na zuba, ta ƙi tsayawa. Hannunsa na hagu ya damƙe ƙarfen gadon har jijiyoyi suka fito. Na ga hannun, amma ban tsaya a kansa ba. Mama tana cewa ya isa, ya isa, ni kuwa na riga na fita baranda ina buga wa duniya waya cewa abin da ya gagari Greensboro shekara talatin na yi shi a minti ɗaya.

Daga nan na naɗa kaina likita. Kowace Asabar da azahar ina gidansa da sabon labari. In na yi sallama dariya, in na zauna dariya. Wani lokaci ma ban kai ƙarshen labarin ba ya riga ya fara, na ce ka ji ƙwarewa, tun daga kan gabatarwa. Wata rana cokali ne ya faɗi a kicin Kawu ya kama dariya, na ce da cokalin kada ya shigar mini sana'a. Wani lokacin kuma dariyar takan juye ta zama kuka ba tare da ya numfasa ba. Wannan na sa shi a lissafin tsufa.

Wata uku da sallamo shi aka ba shi ranar ganin likitar ƙwaƙwalwa. 'Yarsa tana wajen aiki, a gidan kula da tsofaffi take aikin jinya, sai ni na kai shi. Ma'aikatan asibitin suka ce akwai tafinta ta waya in muna so. Na ce Allah ya kiyaye, bare ba zai ji sirrin gidanmu ba alhali ga ɗa a zaune. Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta duba hannu ta duba ƙafa, sannan ta jawo wata takarda ta fara tambaya. Shin abubuwan da yake so da har yanzu suna ba shi sha'awa? Shin yana jin ya zama kaya a kan iyalinsa? Shin yakan ji da ma ya mutu ya huta?

Ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai dubi ƙanin uwarsa, mai furfura, mai wankan gawa, ya maimaita masa wannan? A wajenmu ko maƙiyinka ba ka yi masa wannan tambayar. Na ce, "Kawu, wai tana tambaya ko tuwon Mama na shiga." Na manta cewa kunnensa bai shanye ba. Ya ɗago kai ya dube ni, ya tattara kalmomi ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Gaya mata... dariyar nan... ba tawa ba ce. Gaya mata na gaji."

Na ji shi sarai. Ban yi kuskuren ji ba, ba zan ɓuya a bayan wannan ba. Abin da na hango shi ne takardar nan ta shiga kwamfuta, daga kwamfuta a tura shi wajen likitan masu taɓin hankali, daga nan labari ya isa masallaci, daga masallaci ya isa gida wajen mahaifiyata kafin la'asar. Na juya na ce wa likitar da Turancina mai maiƙo, ya ce ya gaji da abincin marasa lafiya, amma ban da wannan lafiyarsa lau, mutumin Allah ne, mu ba mu san wannan ciwon ba. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, sai dariyar ta kama shi. Likitar ta yi murmushi ta ce ta ji daɗin ganinsa cikin walwala, ta rubuta. Muka shiga mota. Na kunna masa rediyo.

Fitarsa ta farko cikin jama'a jana'izar wani tsohon abokinsa ce. Ya nace sai an kai shi. Wani ne ya yi wankan, da jakar Kawu. Na ajiye kekensa na marasa lafiya a ƙarshen sahu na farko. Liman ya yi kabbara ta ɗaya, ta biyu, wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai motoci a titi. Bayan ta uku sai ga ta. Ta fara kamar tari, sannan ta ɓarke, ta cika filin. Ya cusa hannunsa mai lafiya a baki ya ciza, ta riƙa fita ta hanci. Ɗan mamacin ya waigo a cikin salla. Na tura keken da gudu zuwa wajen ajiye motoci, kuma tun ban rufe ƙofa ba ta zama kuka. Akwai jini a bayan hannunsa. Mutumin da ya yi wata biyu yana fushi da ni a kan raɗa ɗaya. Sai na ce, "Kawu, ai shi ma marigayin da zai ji, da ya taya ka." Ya juya fuskarsa wajen taga. Bai ƙara taka masallaci ba.

Maganganu suka tashi. Wasu suka ce iska ce, wanda ya daɗe yana taɓa gawa dole wata rana a biyo shi. Wasu suka ce ya taɓu. Aka yi ruƙiyya, aka aiko da rubutu daga gida a gorar ruwa, aka yi sadaka. Muka zauna a falo, ni da Mama da Liman da 'yarsa. Ita ce ta ce, "Wannan abu sananne ne. Ina ganinsa a wajen aiki kullum. Stroke ɗin ne, wato shanyewar jikin nan, ya taɓa wurin da ke riƙe dariya da kuka, shi ya sa suke fita ba da izininsa ba. Kuma ban da wannan Baba yana da depression, ciwon baƙin ciki, ba ya cin abinci, ba ya son a buɗe labule. Akwai magani. A bar ni in kai shi."

Liman ya ce mumini ba ya yanke ƙauna, a ƙara masa da zikiri. Mama ta ce ita dai kada a ce mijinta ya haukace a ƙasar mutane. Ni kuma na gyara zama na ce, "Ke 'yar Amurka, ku komai sai kun ba shi suna mai tsawo. Ni na kai shi wajen likita da ƙafata, ta ce yana cikin walwala, a rubuce yake. Mutumin da ke dariya har gado na rawa shi ne mai baƙin ciki? Maganinsa ga shi zaune a gabanki, kyauta, ba inshora."

Ta ce, "Yaya, wannan ba wasan taubasai ba ne."

Na ce, "Da kin san wasan taubasai da kin biya ni kuɗin shara na bara." Liman ya yi dariya, Mama ta yi murmushin dole, magana ta mutu a nan. Da wannan barkwancin na saya wa Kawu ƙarin shekara guda a cikin ramin da yake.

Shekarar ba ta da daɗin faɗa. Lambu ya bushe, ciyawa ta haɗiye shi. Na ce zan nome masa, ya ce a bari. Masu gasa ƙafa suka yi ta zuwa har suka gaji, don ya ƙi tashi. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa Mama murya ba ya jefe ta da kofin koko saboda ta tambaye shi ko zai ƙara, sannan ya yini yana kuka yana neman gafararta. Ta fara tsintar ƙwayoyin hawan jini a ƙarƙashin matashi da cikin aljihun jallabiya. In baƙi suka zo dubiya, mu kuwa ba ma zuwa ɗaya-ɗaya, mota uku muke cikawa, sai a jera a gabansa ana ya jiki ya jiki, shi kuma yana ƙyalƙyalawa yana kallon ƙasa, a fita ana cewa ma sha Allah jiki ya yi kyau. Ni kuma Asabar ba ta wuce ni.

A ƙarshe 'yarsa ta daina neman izini. Ta ɗauki hutu, ta sa shi a mota, ta karɓi tafintan wayar nan da na ƙi. Aka ba shi magani kala biyu. Cikin 'yan makonni dariyar ta ja baya. Na zo ran Asabar da labarin wani mutuminmu da ya bi na'urar nuna hanya har cikin gonar dawaki, labarin da ya kayar da mutum shida don dariya a masallaci. Na gama, Kawu yana kallona da idanunsa na da. Na sake wani, shiru. Na fita kicin na ce wa Mama maganin nan ya kashe masa zuciya, ga shi ko ni ba ya ji.

Da na dawo ya nuna kujerar kusa da shi ya ce, "Zauna... kawai." Na zauna. Agogon bango yana tafiya, firij yana gurnani. Na yi ƙoƙari, Allah shaida ne. Ban kai minti biyar ba na ce bari in duba ko na kulle mota. Ban koma ciki ba sai da na ji Mama ta kawo abinci.

Wannan ce Asabar ta ƙarshe da na same shi da magana. Ciwon ya dawo a karo na biyu ranar Laraba, ya kwana huɗu a asibiti bai farfaɗo ba. Likitoci sun ce watannin da ya yi yana ɓoye ƙwayoyin jini ba su taimaka ba. Ba su ce ga mai laifi ba, ba su san akwai wanda za a nuna ba. Da aka zo wanka aka rasa wanda zai shige gaba, kowa yana kallon kowa, don duk abin da muka sani a bayansa muka koya, kuma ba mu koya da kyau ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya suturta shi yadda ya suturta namu, ya ba shi wurin da ba a tilasta wa fuska komai. Wanda ya karanta wannan, in zai tuna shi, ya tuna mai jaka a but da leda a ƙofa. Ba ni da tabbacin za a yi. Samarin da suka san shi a keke sun fi tsofaffin da suka san shi a tsaye yawa, kuma su ne za su daɗe.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, na tarar da 'yarsa a bayan gida tana naɗe tiyon da ya shekara biyu a yashe. Na kama mata ɗaya bakin. Na ce, "Taubashiya, ko ba komai dai na ɗebe masa kewa. Asabar nawa ban fasa ba."

Ta ci gaba da naɗi. Ta ce, "Ya gaya mini abin da ka yi a wajen likita. Tun a makon ya gaya mini, ya ce kada in faɗa wa kowa."

Na ce, "To me ya sa ba ku hana ni zuwa ba?"

"Na so in hana ka. Ran Asabar in ya ji ƙarar motarka jikinsa rawa yake, in ka tafi haƙarƙarinsa ciwo yake har Litinin." Ta karɓe bakin tiyon daga hannuna ta rataye a ƙusa. "Shi ya ce a ƙyale ka. Wai a cikinku biyu, kai ne ba za ka iya ɗauka ba."